Cinikin biri a sama: raɗe-raɗin laftof ɗin da ba su fito ba

A watan Afrilun 2021 wasu 'yan kutse da ke kiran kansu REvil suka shiga rumbun bayanan kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ɗaya daga cikin masu harhaɗa wa Apple kwamfutoci, suka kwashe zanen wasu MacBook da ba a kai ga fitarwa ba. Suka ce a ba su dala miliyan 50 ko su watsa wa duniya. Wani ɓangare na zanen ya fita, masu bin diddigi kuma suka ga abin da suka daɗe suna fata: kafar HDMI za ta dawo, ramin katin SD zai dawo, cajar MagSafe mai maganaɗisu da aka yi wa ritaya ita ma za ta dawo. Ranar 18 ga Oktoba na wannan shekarar Apple ya fito da sabbin MacBook Pro, sai ga su kamar yadda zanen ya nuna.

Na kawo wannan ne don kada a saka ni cikin masu cewa duk wani ƙishin-ƙishin na sabuwar kwamfuta ƙarya ne. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cusa zance uku cikin kanun labari guda, a miƙa wa mai karatu kamar nauyinsu ɗaya: abin da kwamfutar za ta ƙunsa, ranar da za ta fito, da kuɗin da za a sayar da ita. Na farko yana da tushe. Na biyu, wani lokaci a dace wani lokaci a sha ƙasa. Na uku kuwa yawanci shaci-faɗi ne, kuma ga wanda zai biya da naira ya ma fi haka rashin amfani.

Dalilin da ya sa siffar kwamfuta ke fita tun kafin lokaci ba wani sihiri ba ne. Kamfanin da ka ga sunansa a bayan murfin laftof da wuya a ce shi ya ƙera ta da hannunsa. Yawancin laftof ɗin duniya wasu kamfanonin Taiwan ne ke harhaɗa su, irin su Quanta da Compal da Wistron da Pegatron da Foxconn, a masana'antun da suka kafa a China, daga baya kuma wasu a Vietnam. Gilashin fuskar yana zuwa daga Samsung ko LG ko BOE. Ƙwaƙwalwar, wato ɗan sashen da ke gudanar da lissafin kwamfutar, idan ta Apple ce ko ta AMD ko ta Qualcomm, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke buga ta. Dole a yi odar waɗannan kayan watanni kafin a fara harhaɗawa, kuma oda ce ta miliyoyi. Sirrin da ya bi ta hannun dubban ma'aikata da injiniyoyi da dillalai ya tashi daga sirri. Ming-Chi Kuo, wanda ake yawan ambato a irin waɗannan labarai, aikinsa ke nan: mai yi wa masu zuba jari nazari ne a TF International Securities, yana bin diddigin wane kamfani ya samu odar me. Shi masu hannun jari yake yi wa magana, ni da kai mun tsinci zancen ne a hanya. Tun a Janairun 2021 ya ce MacBook Pro mai zuwa za ta dawo da MagSafe, za ta kuma yar da Touch Bar, wato siririn gilashin taɓawa da ke saman madannai, kafin 'yan kutse su tabbatar da wani sashe na maganar.

Akwai kuma sawun da na'urar kanta ke bari. Duk abin da ke amfani da Wi-Fi ko Bluetooth sai ya samu amincewar hukumar sadarwa ta FCC kafin a sayar da shi a Amurka, kuma takardun sukan fito fili. Injiniya kan gwada sabuwar ƙwaƙwalwa da manhajar auna gudu ta Geekbench, sakamakon ya haye intanet da sunan wata na'ura da ba wanda ya taɓa ji. Masu tonon manhaja kan tsinci lambobin kwamfutocin da ba su fito ba a cikin gwajin sabon macOS ko Windows. Irin wannan hujja ce da ake iya dubawa, shi ya sa idan majiyoyi biyu ko uku masu zaman kansu suka haɗu a kan cewa wata kwamfuta za ta zo da kaza, nakan yarda.

Ranar fitowa ba ta barin irin wannan sawu. Mutane ƙalilan ne ke yanke ta, kuma su kansu sukan canza shawara idan wani ɓangare ya ƙi kammaluwa. Waccan MacBook Pro ɗin da kowa ya san kamanninta tun Afrilu, masu hasashe da dama sun rantse cewa a taron Apple na watan Yuni za a nuna ta. Taron ya zo ya wuce ba a ambace ta ba. Wanda ya riƙe kuɗinsa tun farkon shekara yana jira sai da ya kai ƙarshen Oktoba. A shekarar dai ne Jon Prosser, wani fitaccen mai kwarmato a YouTube, ya ce Apple zai yi taro ranar 23 ga Maris, ya yi alkawarin aske girarsa idan bai tabbata ba. Taron bai zo ba sai 20 ga Afrilu, ya kuwa aske. Na ba shi wannan, ya cika alkawari, abin da yawancin abokan sana'arsa ba sa yi. Su sukan goge tsohon hasashen ne su rubuta sabo. Zancen MacBook mai fuskar OLED, wani nau'in gilashi mai fitar da launi tar, ma haka ya yi ta yawo shekara da shekaru, kullum ana cewa baɗi, har 2025 ta ƙare ba a gan ta ba.

Kuma ba 'yan kwarmato kaɗai ke kuskuren rana ba. Intel da bakinsa ya tsara fitar da ƙwaƙwalwa mai sabuwar ƙira mafi ƙanƙanta, wadda ake kira nanomita 10, a wajajen 2016. Sai a ƙarshen 2019 laftof masu ɗauke da ita suka shiga kasuwa da yawa. Idan mai abu ya yi kuskuren shekara uku a kan abinsa, ina ga mai leƙe ta taga?

Abin da ya tabbata game da lokaci shi ne kalandar da kowa ya sani, wadda ba ta buƙatar wata majiya ta sirri. Ana baje kolin CES a Las Vegas kowane Janairu, Computex a Taipei wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, IFA a Berlin a Satumba. A nan Lenovo da HP da Dell da Asus ke nuna sabbin kayansu. Sai dai nunawa daban, isowa shago daban. Laftof ɗin da aka ɗaga sama a dandamali a Janairu tana iya kai Afrilu ko fiye kafin mai saye a Amurka ya taɓa ta, balle mu.

Farashi shi ne inda nake ganin an fi yaudarar mai karatu. Lamba ce da ake iya canzawa ana gobe taro, ba ta buƙatar a sake ƙera komai, don haka babu wani ma'aikacin masana'anta da zai iya kwarmata ta. Kuma abubuwan da ke juya ta suna wajen ikon kamfanin. A 2011 ambaliyar ruwa ta mamaye masana'antun faifan ajiya a Thailand, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi na tsawon watanni. A 2020 da 2021 annobar korona ta haɗu da ƙarancin ƙananan sassan lantarki, a daidai lokacin da duniya ta koma aiki da karatu daga gida. Ranar 2 ga Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sanar da sabon harajin shigo da kaya. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Framework ya dakatar da sayar da wasu ƙananan laftof ɗinsa a Amurka domin lissafin ya nuna asara zai yi, kafin mako biyu su cika kuma gwamnatin ta cire kwamfutoci da wayoyi daga babban kason harajin. A ƙarshen shekarar farashin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya hau sama saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawushe abin da Samsung da SK Hynix da Micron ke samarwa, su ukun nan kuwa su ke riƙe da kusan duk kasuwar. A Disamba Micron ya ma sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial. Wane mai hasashe ne ya saka waɗannan a lissafinsa wata shida kafin su faru?

A ce ma hasashen ya yi daidai, an ce dala 999, ta kuma fito a dala 999. Wannan farashin Amurka ne, kafin a ɗora harajin jiha. Kafin ta iso Legas ko Kano sai an biya jigila, an biya kwastan, mai shago ya ɗora ribarsa, sannan uwa uba canji. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. MacBook Air ɗin da Apple bai ƙara wa ko sisi ba ta tashi daga abin da ma'aikaci zai iya tarawa zuwa abin da sai dai ya kalla a hoto. Wanda ya zauna a tsakanin nan yana jiran sabon samfuri domin an ce zai fi araha da dala ɗari, jiran gawon shanu ya yi. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska tun da sefa a ɗaure take da yuro, amma su ma jigila da kwastan ba su ƙyale su ba.

To, me ya sa zancen ba ya ƙarewa? Saboda akwai masu ci da shi. Sabuwar kwamfuta sau ɗaya take fitowa, a rubuta labarinta kwana biyu a wuce. Wadda ba ta fito ba kuwa ana iya yin wata takwas ana cin abinci da ita: yau an ce za ta zo da kaza, gobe an ce an fasa, jibi an zana hoton yadda ake zaton za ta kasance. Kowane juyi sabon bidiyo ne, sabon talla, sabbin masu kallo. Kamfanonin kuma suna nuna kamar abin yana ɓata musu rai, wani lokaci da gaske ne, domin a Yulin 2025 Apple ya maka Prosser ɗin nan a kotu kan kwarmata kamannin iOS 26. Amma a ganina hayaniyar tana yi musu rana fiye da yadda take cutar da su. Mutumin da ke jiran Dell ɗin da za ta fito ba zai je ya sayi Lenovo ɗin da ke kan kanta ba.

Kamfanonin dai sun koyi yin taka-tsantsan da abin tun zamanin Adam Osborne. Kamfaninsa ne ya fitar da Osborne 1 a 1981, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da mutum zai iya ɗauka ya yi tafiya da su, a kan dala 1,795. A 1983 aka fara zancen sabbin samfura kafin su shirya, dillalai suka ja baya da odar tsohuwar, a Satumban shekarar kamfanin ya durƙushe. Masu tarihi sun ce ba wannan kaɗai ya kashe shi ba, akwai gasar Kaypro da kuma rashin iya tafiyar da kuɗi, amma darasin ya zauna a zukatan 'yan kasuwar: a bar mai saye ya yi ta ɗoki, kada dai ɗokin ya kai ya hana shi sayen abin da ke shago. Shi ya sa kamfani ba zai taɓa ce maka ka dakata ba, ko da saura mako guda sabuwar ta fito.

Hatta abin da aka faɗa a dandamali, da fitilu da tafi, ban ɗauke shi tabbas ba sai masu gwaji sun riƙe na'urar a hannu. Ranar 20 ga Mayun 2024 Microsoft ya gabatar da rukunin kwamfutocin da ya kira Copilot+ PC, babban abin tallan kuma shi ne Recall, manhajar da ke ɗaukar hoton duk abin da kake yi a fuskar kwamfutar domin ka iya nemo shi daga baya. Masana tsaro suka yi ca a kai, suka nuna yadda ɓarawon bayanai zai iya kwashe komai. Kwanaki kaɗan kafin ranar 18 ga Yuni da kwamfutocin za su shiga kasuwa aka janye ta, ba ta isa ga jama'a sosai ba sai Afrilun 2025. Waɗanda suka yi oda tun farko sun sayi alkawari ne. A CES na 2025 kuma shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya ce katin sarrafa hoto na RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090 da ya fi shi tsada nesa. Da aka gwada sai aka ga maganar ta dogara ne a kan wata dabara ta ƙirƙiro hotunan cike gurbi. A ainihin ƙarfi tazarar tana nan da faɗinta.

Mai musu zai ce ai akwai lokacin da jira ya biya, kuma gaskiyarsa. Tun a Afrilun 2018 ɗan jarida Mark Gurman da abokin aikinsa a Bloomberg suka ruwaito cewa Apple na shirin rabuwa da ƙwaƙwalwar Intel daga 2020. Ranar 22 ga Yunin 2020 Apple ya tabbatar da haka, a Nuwamba kuma MacBook Air mai M1, ƙwaƙwalwar da Apple ya tsara da kansa, ta fito a dala 999, ba fanka, batirinta na kai mutum yini, tana kuma tsere wa kwamfutocin da suka ninka ta kuɗi. Wanda ya sayi MacBook Air mai Intel a tsakiyar wannan shekarar ya yi asara ta gaske, kuma ga shi a 2025 Apple ya ce macOS Tahoe ne na ƙarshe da zai hau kan wata Mac mai Intel. Haka wanda ya sayi mai RAM 8GB a Satumban 2024, wata guda kafin Apple ya mayar da 16GB mafi ƙaranci ba tare da ƙarin kuɗi ba, yana da dalilin cizon yatsa. Amma a duba na 2020 da kyau: sauyi ne daga tushe, irin wanda ba ya zuwa sai bayan shekaru masu yawa, kuma kamfanin da kansa ya yi shela wata biyar kafin lokaci. Sauran shekarun, abin da ake jira bai wuce ƙarin gudu kaɗan da sabon launi ba. Ɗalibin da ke da aikin kammala digiri a gabansa, ko mai shagon buga takardu da kwamfutarsa ta mutu, ba shi da wata shida da zai ba wa wannan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ranar da ta fi shafar mai saye a wajenmu ba ɓoyayyiya ba ce, kuma ba mai yayata ta. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba. Ta hannu muke saye, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi shekara uku ko huɗu suna amfani da su suka sallamar, suka biyo jirgi zuwa Computer Village a Ikeja, daga nan zuwa titin Beirut a Kano da sauran kasuwanni: ThinkPad, EliteBook, Latitude. Tun a 2021, lokacin da aka gabatar da Windows 11, Microsoft ya faɗa ƙarara cewa ranar 14 ga Oktoban 2025 zai daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 ba za ta amince da kwamfuta ba sai tana da sashen tsaro na TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Shekara huɗu cur wannan sanarwa tana rubuce. A cikinsu mutane nawa ne suka ƙirga kuɗi suka sayi EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T470, waɗanda Windows 11 ba ta karɓa, alhali a wayarsu suna kallon bidiyon MacBook ɗin da ba za su saya ba? A 2025 Microsoft ya ba da ƙarin wa'adin gyaran tsaro na Windows 10 zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, akwai kuma dabarun da masu gyara ke bi su ɗora Windows 11 ta ƙarfi, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da irin waɗannan ba. Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, na nan ga mai son koyo, kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin nan.

Gane zubin ba shi da wuya. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce, Alhaji," kamar ya gama magana. Ka ce ya buɗe maka bayanan na'urar ka ga lambar da ke biye. Idan ka ga i7-7600U, zubi na bakwai ke nan. I5-8250U na takwas ne. Kuma wannan i5 ɗin tana da cibiyoyin aiki huɗu, waccan i7 ɗin biyu kacal gare ta, ga shi Windows 11 ta karɓi i5 ɗin ta ƙi i7 ɗin. Sau da yawa mai babban sunan ake tsuga wa kuɗi.

Ba ina cewa mu toshe kunne daga labarin sabbin kwamfutoci ba ne. Akwai abin da ya kamata mu saurara a ciki, sai dai ba shi ake sa wa a kanun labari ba. Abin da ake ƙerawa bana shi ne zai cika kasuwanninmu nan da shekara huɗu ko biyar, don haka tambayar da ta shafe mu ita ce ko za a iya buɗe na'urar a gyara. Tsohuwar ThinkPad T480 tana da gurbin RAM biyu, ana sauya mata faifan ajiya, ana cire batirinta na waje da hannu a saka wani. Shi ya sa mai gyara a kasuwa ke iya tayar da ita da kuɗi kaɗan. Sirara na yanzu da yawa an narka RAM ɗinsu a jikin allon. A MacBook masu M1 zuwa sama, RAM da ma'ajiya duka a manne suke. Intel ma a samfurinsa na Lunar Lake da ya fito a Satumban 2024 ya haɗe RAM da ƙwaƙwalwar wuri guda. Wadda aka saya da 16GB a London, da 16GB ɗin za ta iso Kano, da shi kuma za ta mutu, ko da manhajojin lokacin sun fi ƙarfinta. Idan sashe ɗaya ya ƙone, allon gaba ɗaya za a nema, kuɗinsa kuma kan kusa kai na wata kwamfutar.